RUWA BA YA TSAMI BANZA: Kumfa da yana a akwatin kifi na gida

Wanda ya shiga waɗansu gidaje na Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko ya zauna jira a wani otel ko farmasi, ba zai rasa ganin akwatin gilashi cike da ruwa ba, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa a cikinsa. Da Faransanci akwariyom ake ce masa. Mu a wannan shafi za mu kira shi akwatin kifi.

Abu ne mai ban sha'awa, yara kuma suna koyon tausayin dabba da kula da amana ta wurinsa. Amma sau da yawa murnar ba ta daɗewa. Maigida ya kashe jikka da dama ya sayi akwati da kifi. Bayan mako biyu ko uku sai ya ga kumfa ta taru a gefe, wata yana mai maiƙo ta rufe fuskar ruwa, kifayen kuma duk sun hau sama suna buɗe baki. Wata safiya a tashi a tarar da su sun juya ciki sama. Daga nan sai a ce kifin Turawa ba ya jure ƙasarmu, wani ma ya ce baki ne ko ido.

Ƴan'uwa masu karatu, ba baki ba ne, ba ido ba ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin kifi ya mutu ruwan ya riga ya yi gargaɗi, ba a gane ba ne kawai. Kumfa da yana su ne harshen da ruwa ke magana da shi, kuma duk wanda ya koyi harshen zai tsirar da kifinsa da kuɗinsa.

Daga ina al'adar ta fito

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwon jan kifin nan na ado, shekaru wajen dubu da suka wuce, a cikin tabkunan lambu da manyan tukwane. Akwatin gilashi kuwa sai a ƙarni na 19. A 1832 wata Bafaranshiya mai binciken halittun teku, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera irinsa a tsibirin Sisili don ta riƙa kallon dabbobin da take nazari suna raye. A 1850 wani masani a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa in an haɗa kifi da ciyawar ruwa daidai wa daida, ciyawar tana ba kifin iskar da yake bukata. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na birnin Landan. Tun daga wancan zamani har yau tambayar da ke gaban mai akwatin kifi ɗaya ce: ta yaya iska za ta shiga ruwa, ta yaya dauɗa za ta fita?

Fuskar ruwa ita ce hancin akwati

Kifi yana numfashi kamar yadda muke yi, da iskar nan da ake kira oksijan. Bambancin shi ne, shi yana tsamo ta daga cikin ruwa, da jajayen kunnuwan nan da ke gefen kansa. Oksijan kuwa kaɗan ce ƙwarai a ruwa. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa ta fi lita ɗaya ta ruwa yawan oksijan kusan ninki 30.

Zafi kuma yana ƙara rage ta. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe wajen miligiram 9 na oksijan a kowace lita. In ya kai digiri 30 sai ya sauko zuwa wajen 7 da rabi, a digiri 35 kuwa wajen 7. Ga shi kuma da zafi jikin kifi yana ƙara aiki, bukatarsa ta ƙaru. Wato abinci ya ragu, maciya sun ƙara yunwa.

Ta ina oksijan ke shiga? Ta fuskar ruwa, inda ruwa ya sadu da iskar ɗaki. Ta nan ne kuma gurɓatacciyar iskar da kifi ya fitar take fita. Saboda haka faɗin fuskar ruwa ya fi zurfinsa muhimmanci, shi ya sa tulun gilashin nan mai ƙaramin baki, ko da ya fi kyan gani, ba gidan kifi ba ne na ƙwarai. Duk abin da ya rufe fuskar ruwa kamar an toshe wa akwatin hanci ne. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Kumfar da ba ta da lahani

Ba kowace kumfa ba ce alamar masifa. Akwai iri huɗu da bai kamata su tayar da hankali ba.

Ta farko ita ce ƙananan ƙwayoyin iska da ke manne wa gilashi da duwatsu ranar da aka cika akwati. Ruwan pampo yana tafe cikin tiyo a matse, ya ɗauko iska fiye da ƙima. Da ya fito ya huta, ya ɗan ɗumama, sai iskar ta rabu da shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu za ta ɓace da kanta. Abin da za a kiyaye kawai, kada a jefa kifi cikin irin wannan ruwa nan take, domin iskar tana iya taruwa a jikinsa, a ga ƙwayoyinta a fikafikansa ko a idonsa.

Ta biyu ita ce ta injin hura iska. Tana tasowa daga ƙasa, da ta iso sama ta fashe. Babban amfaninta shi ne motsa fuskar ruwa da juya na ƙasa ya hau sama.

Ta uku ita ce wadda ke fitowa a jikin ganyen ciyawar ruwa da rana, kamar ƙananan duwatsun ado. Wannan oksijan ce tsantsa, ciyawar ce ke fitar da ita in haske ya same ta. Alamar lafiya ce.

Ta huɗu kuwa gida ce. Akwai wani kifi mai dogayen fikafikai, asalinsa ƙasar Tailan, ana kiransa beta. Namijinsa yana haɗiyar iska ya furzar da ita a kusurwar akwati, ya tara kumfa wuri ɗaya, a ciki yake ajiye ƙwai in mace ta zuba. Danginsa da ake ce wa gurami su ma da yawansu haka suke yi. Wanda ya ga wannan kada ya kwashe ta da sunan tsabta.

Kumfar da ke kiran a tashi tsaye

Kumfar ruwa mai tsabta ba ta da rai, da ta taso take fashewa. In ta daɗe, ta taru a kusurwa ko a bakin matatar ruwa, tana da ruwan toka ko ruwan ƙasa, to akwai abin da ya narke a ruwan yana riƙe ta. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗebi ruwan akwati a kwalba mai tsabta, a rufe, a girgiza. A yi haka da ruwan pampo a wata kwalbar. In kumfar ta farko ta tsaya bayan ta biyu ta daɗe da ɓacewa, ruwan akwatin ya yi nauyi da dauɗa.

Dauɗar daga wuri uku take fitowa: abincin da aka zuba ya yi yawa ya ruɓe a ƙasa, kashin kifayen da suka fi ƙarfin akwatin, da mushen kifi ko ruɓaɓɓen ganye da ya maƙale bayan dutse. A fara ƙidaya kifayen. In ɗaya ya ɓace, a neme shi.

Kumfar da kanta ba ita ke kisa ba, abin da ke tafe da ita ne. Duk abin da ya ruɓe a ruwa yana fitar da wani dafi da ake kira amoniyak, wanda kifi ma yake fitarwa daga jikinsa. A akwatin da ya daɗe, akwai ƙananan halittu, wato mikrob masu amfani, da ke zaune a cikin soson matata da tsakuwa. Su ne ke mayar da amoniyak ya zama nitirit, wanda shi ma dafi ne, sannan nitirit ya zama nitirat, mai sauƙin lahani, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan mikrob sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Wannan ne dalilin da ya sa sabon akwati ya fi kashe kifi, musamman in an cika shi da kifaye tun ranar farko. Hanyar ita ce a fara da biyu ko uku, a riƙa ƙarawa a hankali.

Akwai kuma kumfar sabuni. Ita fara ce, tana da yawa, in haske ya haska ta sai a ga launin bakan gizo. Tana zuwa ne in an wanke akwati da omo, ko an ɗebo ruwa da bokitin wanki, ko an sa hannu da sauran sabuni. Sabuni yana ƙona kunnuwan da kifi ke numfashi da su, kuma ba ya jira. In an gan ta, a tsame kifayen nan da nan zuwa wani ruwa mai tsabta wanda ya huta, a zubar da na akwatin duka, a ɗauraye kome sau da yawa da ruwa zalla. Mai akwatin kifi ya kamata ya ware bokiti ɗaya da soso ɗaya, ya gaya wa iyali cewa ba a taɓa su da wani aiki.

Ta ƙarshe ita ce manyan ƙwayoyin iska da ke tasowa daga cikin yashi in an taɓa shi, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan alama ce yashin ya yi kauri, dauɗa ta ruɓe a ƙarƙashinsa inda iska ba ta kaiwa. Iskar nan guba ce. Kada kaurin yashi ko tsakuwa ya wuce santimeta 4 ko 5, kuma a riƙa zuƙe dauɗar da tiyo, sashe-sashe, ba duka a rana ɗaya ba.

Yana: mene ne ita?

Kowa ya san yanar da ke hawa kan madara ko kunu in ya huce. Ta akwatin kifi ma haka take, sai dai ta fi siriri. An fi ganinta in an durƙusa an dubi fuskar ruwa daga ƙasa. Wani lokaci fara-fara ce kamar hazo, wani lokaci tana ƙyalli kamar an ɗiga mai.

Mafi yawanta haɗin gambiza ce: maiƙon abincin kifi, narkakkiyar dauɗa, da mikrob da suka sami wurin ci suka yi zaune. A ƙasarmu akwai ƙari. Ƙurar hunturu tana sauka a kan ruwa dare da rana. Hayaƙin suya daga madafa yana ɗauke da mai. Hannun da aka shafa wa man kaɗe ko wani man shafawa in ya shiga ruwa sai ya bar rabonsa. Wanda ke aiki da ruwan rijiya ko na rijiyar burtsatse mai ƙarfe a cikinsa zai iya ganin wata yana mai ƙyalli, wadda mikrob masu cin ƙarfe ke yi. Ana bambanta su da tsinke: in an taɓa ta farfashe kamar ɓawon ƙwai, ba ta sake haɗewa ba, ta ƙarfe ce. In ta buɗe ta koma ta haɗe, mai ne.

Yana kaɗan ba ta kashe kifi a rana ɗaya. Amma tana rage shigar oksijan, tana tare haske, kuma tana nuna abu biyu: dauɗa ta yi yawa, fuskar ruwa kuma ba ta motsi. In ta haɗu da zafin Afrilu da yawan kifi, nan ne asara take zuwa. Galibi da asuba ake tarar da mushe, domin da dare ciyawar ruwa ba ta fitar da oksijan, ita ma sha take yi, sai a wayi gari ruwan ya kai iyakar talaucinsa.

Abin da za a yi

Kafin a sa hannu a ruwa, a cire wayoyin lantarki na akwatin daga bango. Wanda ke da rauni a hannu kuma kada ya tsoma shi.

Don kwashe yana, a shimfiɗa farar takarda mai shan ruwa a kan fuskar ruwan, a bar ta ɗan lokaci kaɗan, a ɗage a jefar. A maimaita sau uku ko huɗu. Ko kuma a nutsa kofi a hankali har bakinsa ya zo daidai da fuskar ruwa, yanar za ta kwarara ciki da kanta.

Wannan kwashewa ce kawai, gobe za ta dawo in ba a kashe tushen ba. Tushen kuwa ga maganinsa.

A motsa fuskar ruwa. A ɗaga bakin tiyon matata har ruwan da ke fitowa ya riƙa girgiza saman, ko a sa injin hura iska. Yana ba ta zama a kan ruwa mai motsi.

A rage abinci. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Abin da ya rage a tsame shi. Kifin akwati da wuya ya mutu da yunwa, ƙoshi ne ke kashe shi. A hana yara da baƙi zuba burodi ko tuwo.

A canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Lissafin ba wuya: akwati mai tsawon santimeta 60, faɗi 30, tsayi 30, yana cin lita 54, saboda haka wajen lita 13 za a zuƙe daga ƙasa a mayar da sabo. Kada a zubar da ruwan duka a wanke akwati fes, sai in sabuni ko guba ya shiga, domin yin haka yana kashe mikrob masu amfani, a koma gidan jiya. Soson matata ma a matse shi cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, ba a ƙarƙashin pampo ba.

Sabon ruwa ya huta tukuna. Ruwan pampo yana da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, dangin jabel, wanda yake alheri ga mutum amma dafi ga kifi. A tara shi a bokiti buɗe, a rufe da ƙyalle saboda ƙura da sauro, ya yi awa 24 zuwa 48 a ɗakin da akwatin yake, don sinadarin ya fita, zafinsu kuma ya zo ɗaya. Masu sayar da kayan kifi suna da maganin da ke yin wannan aiki nan take. Ruwan rijiya shi ma ya huta, domin yana fitowa da ƙarancin oksijan.

A lura, ƙara ruwa don cike wanda zafi ya shanye ba canjin ruwa ba ne. Ruwa ne kaɗai ke tashi, dauɗa da gishiri suna nan suna ƙara kauri.

A yi wa akwati murfi mai ɗan sarari, a nisanta shi daga madafa da taga mai rana. Abu mafi hatsari kuwa shi ne maganin sauro, na fesawa da na ƙonawa. Abin da ke kashe sauro yana kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. In dole ne a fesa, a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗakin ya sha iska sosai sannan a buɗe.

Lokacin zafi da yankewar wuta

Yawancin kifayen ado suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 28, jan kifin Sin ma ya fi son ƙasa da haka. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Yamai da Tawa yana wuce digiri 40 a inuwa, kuma a lokacin ne wuta ta fi yankewa, injin iska ya tsaya. To, ga dabara. A buɗe murfi. A ɗebi ruwan akwatin da kofi a riƙa zuba shi daga sama, kamar yadda mai shayi ke yi, sau da yawa kowane rabin awa. Kada a ba da abinci ranar, domin narkar da shi yana cin oksijan. In akwai wuta, fanka mai hura fuskar ruwa tana rage zafinsa da digiri 2 ko 3. Ƙanƙara kuwa kada a jefa ta kai tsaye. A sa kwalbar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi iyo a sama, domin sanyin farat ɗaya shi ma yana kashe kifi. Mai hali ya ajiye ƙaramin injin iska mai batir.

Daga akwati zuwa kogi

Wannan ilimi bai tsaya ga masu kifin ado ba. Matasan da ke kiwon tarwaɗa a cikin kwandon siminti ko roba a bayan gida suna ganin kumfar nan da yanar nan, dalilinsu kuma ɗaya ne: abinci ya yi yawa, ruwa ya tsufa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa kuwa huhu gare ta har tana iya shekare rani a cikin busasshen taɓo, shi ya sa suke jure abin da karfasa ba ta jurewa. Amma ko tarwaɗa, in amoniyak ya yi yawa, sai ta daina ci, ta daina girma, mai ita ya yi asarar abinci da wata da watanni.

Abin da ke faruwa a akwati mai lita 54 shi ne ke faruwa a tabkin Madarumfa, da na Tabalak, da kogin Isa. Baƙin man mota da ake zubarwa a magudana yana zama yana a kan ruwa. Ruwan omo yana zama kumfa. Ciyawar nan mai yawo a kan kogi, mai fure ruwan shuni-shuni, wadda ta addabi masunta, asalinta Amurka ta Kudu ne, don ado aka yaɗa ta a duniya, yau ga shi tana rufe fuskar ruwa tana hana kifi iska. Saboda haka wanda ya gaji da akwatinsa kada ya juye kifin waje ko ciyawarsa a kogi ko tabki. Ya ba wani mai so.

Muna kira ga iyaye da malaman lakkol da na yaƙi da jahilci su yi amfani da akwatin kifi wajen koya wa yara da manya darajar ruwa. Kowace safiya, kafin a zuba abinci, a durƙusa a dubi fuskar ruwa, a sansana, a ƙidaya kifaye. Minti ɗaya ya isa. Rigakafi ya fi magani, kuma dabbar da mutum ya tsare a gidansa amana ce a wuyansa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.